Mota mai ɗaki a hanyoyin Gana: me ke sa cikinta ya saki, kuma yaya ake mayar da shi?

Duk wanda ya saba shiga trotro tsakanin Kumasi da Tamale ya san wannan kiɗan. Wani abu na ƙwas-ƙwas a saman kai, wani fallen bango na kaɗawa a gefen taga, yadin silin ya zazzago yana shafar hular mutum. Fasinja ya danne da gwiwar hannu, yaron mota ya naɗe kwali ya cusa, direba ya ƙara muryar rediyo, a ci gaba da tafiya. Kowa ya ɗauka kwalliya ce kawai ta lalace. Mu da muke aikin cikin mota mun san cewa abin da ya saki a ciki yakan zama alamar wata cuta da ke ɓoye a bayansa, kuma duk wanda ya manne shi bai nemi cutar ba, to zai sake dawowa gareji.

Ni mai kushin ne, a Suame Magazine na koyi aiki, a nan kuma nake neman abincina. Motar da ta fi kowace koya mini wannan karatu ita ce mota mai ɗaki, wadda Amurkawa ke ce wa RV: ga gado, ga murhun gas, ga firij, ga durowoyi, wata ma har da banɗaki, duk a kan taya huɗu. Cikinta ya fi na trotro kaya nesa ba kusa ba, shi ya sa duk laifin da zai ɓuya a wata mota, a cikinta fili yake fitowa. Abin da zan faɗa a kanta zai yi wa mai trotro da mai tasi amfani su ma.

Daga ina take zuwa mana?

Mota mai ɗaki 'yar Turai da Amurka ce, an yi ta don masu yawon hutu. A Amurka yawancinsu a garin Elkhart na jihar Indiana da kewayensa ake haɗa su. A Jamus kuwa, kamfanin Westfalia ya fara mayar da ƙananan bas na Volkswagen ɗakin kwana tun farkon shekarun 1950. Da Mercedes ya fito da jerin motocin da muke kira 207 a 1977, su ma aka riƙa yi musu ɗaki a ciki, haka kuma Sprinter da ta gaje su a 1995. A yau da yawa daga cikin na Turai a kan Fiat Ducato ake gina su. Ka ga ke nan gangar jikin ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ita ce dai wadda ke jigilar mutane daga Kejetia zuwa ko'ina.

Hanya biyu take biyowa ta iso mu. Ta farko, Turawa 'yan yawon buɗe ido da ke tuƙo ta da kansu ta Maroko da Muritaniya da Senegal har su shigo Gana, su leƙa masallacin Larabanga da gandun dajin Mole, su gangara bakin teku. Kafin su iso Kumasi rabin cikin motar na magana, sai a nuno musu Suame. Ta biyu, tsofaffin da ake lodowa a jirgin ruwa daga Hambog ko Antwaf a sauke a Tema. Tun da Gana ta koma tuƙi ta hannun dama a 1974, motocin Jamus da Holan da Beljiyam masu sitiyari a hagu ne suka dace da mu.

Wasu masu saye suna kwashe kayan cikin gaba ɗaya su jera kujeru, ta zama trotro. Wasu kuwa sukan bar ta yadda take. Na ga ɗan kasuwan da ke kwana a tasa idan ya je sarin kaya arewa, na ga wadda aka mayar shagon tafi-da-gidanka, na ga wadda ake duba marasa lafiya a cikinta a ƙauyuka. Dukansu kuka ɗaya suke kawowa: ciki ya saki.

An gina ta ne don kada ta yi nauyi

Kafin ka ɗauki guduma, ka fara sanin da me aka yi abin da za ka buga. A Turai lasin tuƙi na kowa da kowa yana tsayawa ne a mota mai nauyin kilo 3,500, har da mutane da ruwa da kaya. Mai haɗa motar yana so kowa ya iya tuƙa ta, don haka duk inda zai rage nauyi sai ya rage. Bangon ciki da kake gani kamar katako mai kauri, filawud ne da bai cika wuce milimita 3 ba, an lulluɓe fuskarsa da takarda ko leda mai zanen itace. A bayansa akwai soso mai tauri da ke tare zafi da sanyi, da 'yan siraran sandunan katako ko na alminiyam jefi-jefi, sai fatar waje. A yawancin waɗanda na buɗe, duka kaurin bangon daga ciki zuwa waje bai fi santimita 3 ba.

Siraran katakon ado da ke rufe mahaɗar bango da bango, ko bango da silin, da 'yan ƙananan ƙusoshi na bindigar iska aka kafa su, wasu sirantarsu kamar allura, wani lokaci da ɗan gam. Murafun roba na ƙofa da na ginshiƙan gaba kuwa kilif-kilif na roba ne ke riƙe da su. Yadin silin an manne shi ne a kan siririn soso, soson kuma a kan allo. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da aka yi don ya ɗauki duka. An yi su ne don titin kwalta mai santsi, da ƙasar da zafinta wata uku ne a shekara, da motar da ke fita hutu ta dawo a ajiye ta a inuwa.

Abokan gaba uku

Na farko girgiza. Gangar mota tana murɗawa kaɗan-kaɗan duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami sauran na sama. Ido ba ya gani, amma ƙusa na ji. Hanyar jar ƙasa mai gargada ta fi rami ɓarna, domin ita bugu ne ƙanana-ƙanana babu hutu. Ƙusa maras zare takan riƙa fitowa sannu a hankali, sukuru kuma ya cinye ramin da yake ciki har ya zama yana juyawa a banza.

Na biyu zafi. A watan Maris da Afrilu Tamale da Bolga kan kai digiri 40 a inuwa. Motar da aka rufe a rana cikinta na iya wuce digiri 60, kuma ƙarƙashin rufin ƙarfe, inda silin yake, ya fi haka. Gam na yau da kullum yakan yi laushi a wannan zafin ya saki. Roba ta bushe ta yi gautsi, kilif ya karye da an taɓa. Soson silin kuwa zafi da laima ke ruguza shi, ya koma gari ja-ja mai danƙo. Idan yadin silin ya zazzago, yawanci soson ne ya mutu, gam ɗin yana nan manne da gari.

Na uku ruwa, shi ne kuma mugun cikinsu. Rufin mota mai ɗaki cike yake da huji: tagar sama, bututun iska, wurin eriya, ƙafafun allon sola. Kowanne an toshe gefensa da danƙo, danƙon kuma rana na cin sa. Da ya tsage, ruwa ya samu hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan ba ya ɗiga a kanka nan take, cikin bango yake bi, ya jiƙa sanda, ya kumbura filawud, ya sa ƙusa ta yi tsatsa. Ranar da katakon ado ya faɗo, ruwan ya yi wata da watanni yana aiki.

Akwai kuma abin da yanayinmu ya ƙara. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Motar da ta yi damina a Takoradi ta je ta yi hunturu a Bawku, katakonta ya buɗe ya rufe ke nan, kuma kowane zagaye yana ƙara sassauta abin da ke riƙe da shi. Shi ya sa daga Disamba zuwa Fabrairu muke yawan ganin ƙofofin durowa sun karkace, mahaɗai sun buɗe baki.

Bincike kafin gam

Idan aka kawo mini mota, ba na buɗe gwangwanin gam sai na yi abu huɗu.

Ina shiga in rufe ƙofa in shaƙa. Warin fumfuna, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, ba ya ƙarya. Sannan in bi bango da babban yatsa ina dannawa, musamman ƙarƙashin tagogi, da kusurwoyin sama, da cikin durowoyin da ke manne da silin, da ƙasan bango inda ya haɗu da daɓe. Bango mai lafiya yana da tauri, idan ka ƙwanƙwasa ya amsa. Wanda ruwa ya ci yakan lotsa kamar burodi. Na uku, in ciro abin da ya sakin gaba ɗaya in duba ƙusoshinsa. In suna sheƙi, girgiza ce. In sun yi ja, ko katakon gefensu ya yi baƙi, ruwa ne. Na huɗu, in akwai na'urar awon laima, in soka ta a katako. Idan ta nuna fiye da kashi 20 cikin 100, katakon na hanyar ruɓewa.

In ruwa ne, aikin ya koma waje. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya ya riƙe tiyo a waje. Daga ƙasa ake farawa a hau sama a hankali, taga ɗaya bayan ɗaya, ana dakatawa minti biyar ko fiye a kowane wuri. Wanda ya fara daga rufi ya jiƙa komai lokaci guda, ba zai san ta ina ya shiga ba. Ka kuma tuna cewa inda ruwa ya fito a ciki ba lallai ne nan ya shiga ba, yana iya bin sanda ya yi tafiyar taku biyu.

Da an gano wurin, a kankare tsohon danƙon tas, a goge, a sa sabo. Taga in ta yi yoyo, gara a ciro ta a sa sabon tef na danƙo a ƙarƙashin bakinta a mayar. Don rufi muna amfani da danƙon foliyuritan irin su Sikaflex. Silikon na banɗaki da mutane ke shafawa yana jawo matsala biyu: yakan saki a kan fenti, kuma inda ya taɓa babu abin da zai sake kamawa da kyau, har shi kansa, sai an kankare shi sarai. Bayan an toshe, a bar bangon a buɗe ya bushe, ko da zai ɗauki mako. Sandar da ta ruɓe a yanke ta a sa sabuwa. Sai bayan nan ake maganar kwalliya.

Kowane sako-sako da maganinsa

Siririn katakon ado. A ɓamɓaro shi a hankali da abu mai faɗi na roba, kada a sa bakin sukurdireba, yana huda filawud. Tsofaffin ƙusoshin a zaro su ta baya da filaya, don kada fuskar katakon ta tsage. A kankare tsohon gam, a goge ƙura. A sa gam mai ɗan laushi wanda ba ya yin gautsi in ya bushe, ɗigo-ɗigo, tazarar kamar tafin hannu. Sai a kafa gajerun ƙusoshi inda akwai sanda a baya. Ana gane wurin sandar da ƙwanƙwasawa, ko da bin layin tsofaffin ramuka. Inda babu sanda, ƙusa iska kawai ta kama, can gam ne zai yi aiki, a tokare shi da sanda daga ɗaya bangon, a sa tsumma a bakinta, a bar shi ya kwana. Gam na foliyuritan da laimar iska yake bushewa, don haka a hunturu yakan ɗauki lokaci fiye da damina. A yi haƙuri da shi.

Sukurun da ke juyawa a banza. In cikin katako ne, a tsoma tsinken sakace ko sandar ashana da aka cire wa kai a farin gam na kafinta, a cusa ramin ya cika, a bari ya bushe, a yanke, a mayar da sukurun nan dai. In ana so a canza, a nemi wanda ya fi kauri kaɗan, kada a nemi wanda ya fi tsawo. In cikin ƙarfen bodi ne, ribit ko noti mai kama ƙarfe ya fi. Hinjin ƙofar durowa da ya tsinke daga filawud, a manna ɗan katako mai ƙarfi a bayansa, sukurun ya samu abin kamawa.

Murafun roba. Kilif in ya karye, magani sabon kilif. Ba su da tsada, ana samun su a Suame da Abossey Okai, sai dai kowace mota da nata, don haka ka tafi da tsohon a aljihu. Inda roba ke gogar ƙarfe tana kuka, a liƙa siririn yadi mai laushi a tsakani. Sufa-gulu ba shi da wuri a wannan aiki. Yana bushewa kamar gilashi, girgiza ta farko ya fashe, ya bar farin tabo. Gam ɗin kyandir na bindiga kuwa rana ɗaya ta Afrilu ta ishe shi.

Silin. Nan ne aka fi yin gyaran gangar Abzinawa. Mutum ya huda yadin ya fesa gam ta ramin ya danna, kwana uku ya sake faɗowa da tabo a kai, domin a kan gari aka manna. Hanyar ita ce a sauko da allon gaba ɗaya, a yaye yadin, a goge mataccen soson da burushi mai tauri har allon ya fito fes. A sayi sabon yadi mai sosonsa a jiki. A nemi gam ɗin da gwangwaninsa ya nuna yana jure zafin digiri 90 ko fiye. A shafa wa allo, a shafa wa bayan yadin, a jira har ya zama in ka taɓa da bayan yatsa yana kamawa amma ba ya biyo ka. Sai a shimfiɗa rabi, daga tsakiya zuwa gefe da tafin hannu, sannan ɗaya rabin. Kada a danna da kan yatsu, gam ya huda soso ya bar shaida har abada. Wanda ba shi da kuɗin wannan yanzu, ya kafa siraran sanduna a gicciye su riƙe yadin, ya fi fil da ake soka masa, wanda wata rana zai faɗo kan kujerar da yaro zai zauna.

Durowoyin sama. Waɗannan ba kwalliya ba ne, kaya ne masu nauyi a saman kan mutane. Durowar da ta fara rabuwa da bango ko da faɗin farce ne, a kwashe kayan ciki nan take. A nemo sandar da aka ɗaure ta a kai, a tabbatar lafiyarta lau, a ɗaure da sukuru mai wasa a kansa. A duba maƙallan ƙofofin su ma. Gwangwanin madara da ke zaune lafiya a durowa, in aka taka birki da ƙarfi dutse ne.

Abin da ke bayan bango

Wani Alhaji mai sarin albasa tsakanin Bawku da Kumasi ya taɓa kawo mini tasa, cikinta na warin ƙonannar roba. Siririn katakon da ke saman ƙofa ne ya riƙa faɗowa, yaronsa ya samo dogon sukuru mai inci biyu ya ɗaure shi tamau. Katakon bai sake motsi ba. Amma daga ranar fis ɗin fitilun ciki ya fara ƙonewa. Da aka gaji da saye, wani a tasha ya naɗa wayar tagulla a gurbin fis ɗin. Suna gab da Kintampo da dare hayaƙi ya fara fitowa ta gefen silin. Allah Ya sa direban ya yi saurin tsayawa ya cire kan batir.

Ya ce mini, "Masta, ɗan katako ne fa kawai muka gyara."

Na ce, "Alhaji, zo ka gani da idonka." Na ɓalle fallen, ga sukurun ya ratsa tsakiyar wayoyi ya taɓa ƙarfen bodi, robar wayar ta narke tsawon hannu, soson gefenta ya yi baƙi. Ya daɗe yana kallo yana salati, domin a ranar har da jikokinsa biyu a gadon baya.

Mutane na raina wutar batir saboda ba ta jan mutum. Amma batir mai bolt 12 yana iya tura wutar da za ta mayar da waya ja wur cikin daƙiƙu, kuma duk abin da ke kewaye da ita a bangon nan, soso da filawud da gam da yadi, makamashi ne. Fis shi ne mai gadin. In yana ƙonewa, akwai dalili, a nemo shi.

Saboda haka kafin ka huda ko'ina, auna kaurin abin da za ka ɗaure, ka zaɓi sukurun da zai tsaya a cikin sanda. Ka lura da inda fitila da soket da makunni suke, domin waya na bi ta sama ko ta ƙasansu a miƙe. Ka tuna mota mai ɗaki batir biyu gare ta, na inji da na ɗaki, kuma allon sola yana ci gaba da turo wuta muddin akwai rana, sai an raba shi shi ma. In tana jone da wutar gida, a zare. Wadda ta fito daga Amurka an yi wayarinta ne don bolt 120, namu kuwa 230 ne, kada a jona ta kai tsaye.

Sai gas. Bututunsa na bi ta bayan durowoyin ƙasa zuwa murhu da firij. A rufe tukunya kafin a fara aiki, in an gama a shafa ruwan sabulu a mahaɗai a ga ko zai yi kumfa. Za ka ga wasu ramuka a daɓe, a ma'ajiyar tukunyar gas da ƙarƙashin murhu. Da gangan aka bar su. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, ta ramukan nan yake ficewa. Na sha ganin an shimfiɗa sabuwar leda an rufe su saboda ƙurar hunturu. Wannan ɗaki ne da mutum zai kwana a ciki ƙofa a rufe.

A sababbin motoci kuma, akwai jakar iska ta kariya a bayan murfin ginshiƙin gaba da gefen silin. Za ka ga an rubuta SRS a jikin robar, wayoyinta kuma masu rawayan kai ne. An yi murfin ne don ya buɗe in an yi karo. Wanda ya ɗaure shi da sukuru ko ya cika shi da gam, ko dai ya hana jakar fitowa, ko ya mayar da murfin abin jifa zuwa fuskar direba. Kilif ɗinsa na asali kaɗai ake mayar masa, bayan an cire kan batir an jira 'yan mintoci. Haka notin bel ɗin kujera da ke ƙarƙashin wasu murafun, in an kwance shi a mayar da shi da ƙarfinsa.

Yaranmu da warin gam

Akwai maganar da ta shafe mu mu masu garejin. Gam ɗin da muke shafawa, wanda kowa ke kira Evo-Stik ko da wani kamfani ne ya yi shi, tururinsa na kama wuta, yana kuma bugarwa. Shi ne dangin sholishon da ke lalata yara a tasha. Sau da yawa ƙaramin yaron shago ake turawa cikin mota ya shafa, ƙofa a rufe don kada ƙura ta shiga, ya fito idanu jajur yana dafe kai, a yi masa dariya. Iyayensa daga Aboabo ko Asawase suka kawo shi ya koyi sana'a, amana ce a hannunmu. Allon silin a fito da shi waje a shafa a inuwa. In dole sai a ciki, a buɗe duk ƙofofi da tagogi, a kashe firij mai aiki da gas domin akwai ɗan harshen wuta a bayansa, a kuma gaya wa mai walda na kusa ya dakata.

Mai saye da mai sayarwa

Sabon yadi da sabuwar leda suna iya rufe ruɓaɓɓen bango ya yi kyau kamar daga kamfani, na wata shida. An sha zuwa a ce mini, "Ka dai rufe mini shi, sayarwa zan yi." Ba na karɓar wannan aikin sai in mai motar ya yarda zai faɗa wa mai saye. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa ɓoye aibin kaya a ciniki haramun ne, kuma hannun da ya shafa gam ɗin yana da kaso a ciki.

Kai kuma mai saye, a Tema ne ko a garejin Akra, kada ƙyallin ciki ya ɗauke maka hankali. Buɗe kowace durowa ka leƙa kusurwarta da tocila. Ɗaga katifa ka duba ƙarƙashinta. Taka daɓen ko'ina, musamman bakin ƙofa da gaban banɗaki, ka ji ko yana lotsawa. Hau tsani ka ga rufin. Wuri guda da ya fi sauran sabunta, ka tambayi dalili. Motar da katakon adonta ya saki amma bangonta a bushe yake, ka saya ka rage kuɗi, gyaran yini ɗaya ne. Wadda cikinta ke sheƙi amma tana warin fumfuna, kuɗin gyaranta na iya kusan kai kuɗin sayenta.

Ga wanda ya riga ya mallaka, lokacin aiki shi ne ƙarshen hunturu. Katako ya bushe, kowace ɓaraka ta buɗe ana ganinta. A kudu ruwa na farawa wajen Maris zuwa Afrilu, a arewa wajen Mayu. Kafin nan a hau rufi a duba danƙo, a bi sukurori ɗaya bayan ɗaya da hannu, ba da injin ɗauri ba, a canza kilif ɗin da ya karye. In za a ajiye mota, a nema mata inuwa, a ɗan buɗe tagar sama in babu hadari. Sukurdireba ɗaya, filaya, 'yan kilif a leda da fis na ajiya su zauna a aljihun mota, don abin da ya fara ƙara a Techiman a ɗaure shi a Techiman, kada a jira sai Tamale.